Ƙarfin Roba Ba a Kaurinta Yake Ba

Duk wanda ya je kasuwa sayen bokiti ko kujerar roba yana da irin gwajinsa. Ya ɗaga ya ji nauyi, ya danna gefe da babban yatsa, ya ƙwanƙwasa ya saurari ƙara. In ya ji nauyi da kauri sai ya yarda cewa kaya ya yi, ya shiga ciniki. Wannan gwaji yana da amfani a kan tukunyar ƙarfe, amma a kan roba yaudarar mai saye yake yi. Ana iya samun bokiti biyu masu kauri ɗaya da launi ɗaya, ɗaya ya yi shekaru yana ɗaukar ruwa, ɗayan kuwa ya tsage daga baki zuwa gindi kafin damina ta zagayo. Abin da ya raba su yana can ƙasa da abin da ido ke gani ko hannu ke ji, cikin yadda ƙwayoyin robar suka jeru. Ra'ayina shi ne, tunda mai saye ba shi da hanyar ganin wannan tsari, wajibi ne a ɗora wa mai ƙerawa da hukuma nauyin bayyana shi, kuma a daina narka roba iri-iri a tukunya ɗaya ana kiran abin da ya fito roba kawai. Kafin a yarda da haka, sai an san abin da ke faruwa a ciki.

Roba sarƙa ce. Wani masanin sinadarai na Jamus, Hermann Staudinger, shi ya fito da wannan magana a 1920, abokan aikinsa da yawa suka ƙi yarda, sai a 1953 aka ba shi kyautar Nobel a kanta. Ɗauki polietilin, robar da ake yin leda da jarka da ita. Tushenta ɗan ƙaramin sinadari ne mai ƙwayar kabon biyu da haidurojin huɗu, wanda ake haɗawa ɗaya bayan ɗaya, dubbai a jere, har ya zama zare mai tsawon gaske. Idan robar tana narke, waɗannan zaruruwa a cukurkuɗe suke. Da ta fara hucewa sai wasu sassan su nemi kwanciya kusa da juna a jere, su yi abin da masana ke kira kiristal. A 1957 Andrew Keller na Jami'ar Bristol a Ingila ya nuna cewa sarƙar ninkewa take yi, ta je ta dawo, ta je ta dawo, ta gina faifai siriri wanda kaurinsa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin 100,000 na milimita ba. Amma sarƙa doguwa ba ta taɓa jeruwa gaba ɗayanta. Tsakanin faifai da faifai akwai sashen da ya rage a cukurkuɗe, kuma akwai wasu sarƙoƙi da suka fara a wannan faifai, suka ratsa cukurkuɗaɗɗen wurin, suka ƙarasa a cikin wancan. Jerarren sashe shi ke ba roba tauri da jure zafi. Cukurkuɗaɗɗen shi ke ba ta lanƙwasa. Sarƙoƙin da suka ɗaure faifai da faifai su ne ke hana ta tsagewa, kuma a kansu mafi yawan maganata za ta tsaya.

Tarihin polietilin kansa ya isa hujja cewa siffar sarƙa ta fi sinadarin da aka yi ta da shi muhimmanci. A 1933 wasu ma'aikatan kamfanin ICI a Ingila, Eric Fawcett da Reginald Gibson, suka same ta ba da niyya ba, suna gwaji a ƙarƙashin matsi mai tsanani. Sarƙar da wannan hanya ke bayarwa tana da rassa, dogaye da gajeru, suna fitowa ta ko'ina. Shekara ashirin bayan haka, a 1953, Karl Ziegler a Jamus ya gano sinadarin da ke sa sarƙar ta fito a miƙe, kusan ba reshe. Wanda ya taɓa ɗaure damin karan dawa da damin ƙaya ya san sakamakon: kara miƙaƙƙe yana kwanciya tsam, ƙaya kuwa ko yaya aka matse ta rassan ba sa bari ta haɗu. Mai rassan, wadda ake rubuta wa LDPE, abin da ke jeruwa a cikinta bai cika wuce rabi ba, tana narkewa wajen digiri 110 a ma'aunin Selshiyas, tana da laushi da miƙewa, shi ya sa ta dace da leda. Miƙaƙƙiyar, wato HDPE, kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari nata na jeruwa, ba ta narkewa sai wajen digiri 130, kuma taurinta ya ninka na 'yar uwarta sau uku zuwa biyar. Da ita ake yin jarka da bututun ruwa da akwatin kwalabe. Kabon da haidurojin ne a nan, kabon da haidurojin ne a can, ba a ƙara komai ba. Rassa kawai aka rage.

Polifurofilin, robar kujera da buhu da yawancin bokitai, ta fi wannan ban mamaki. A jikin sarƙarta akwai ɗan ƙaramin ƙullutu a kan kowace ƙwayar kabon ta biyu. Idan waɗannan ƙullutai suka fito barkatai, wannan dama wancan hagu ba tsari, sarƙar ba ta iya jeruwa, abin da ake samu wani abu ne mai danƙo da ba a iya ko cokali da shi, sai dai a zuba a gam ko a kwalta. A 1954 Giulio Natta a Milan ta ƙasar Italiya ya yi amfani da irin sinadarin Ziegler ya sa ƙullutan duka suka fuskanci gefe ɗaya. Nan take sarƙar ta murɗe kanta cikin tsari, ta jeru, aka sami roba mai tauri da ba ta narkewa sai ta haura digiri 160. Ziegler da Natta sun raba kyautar Nobel a 1963. Haka kuma nailan, wanda Wallace Carothers ya haɗa a kamfanin DuPont a 1935: a jikin sarƙarsa akwai wuraren da ke kama maƙwabciyar sarƙa su riƙe, shi ya sa irin wanda ya haɗa ba ya narkewa sai wajen digiri 260, kuma zarensa ke jure ja a koma da igiya. Waɗannan wurare kuma suna son ruwa, don haka nailan da ya jiƙa ya fi busasshe laushi.

Akwai abu na uku bayan rassa da tsarin ƙullutai, wato inda sarƙoƙin suka fuskanta, kuma wannan kowa na iya gwada shi a gida. Zaro zare ɗaya daga jikin buhun shinkafa ko na taki. Ja shi ta tsawonsa da duk ƙarfinka, zai yanki yatsa kafin ya tsinke. Sa farce ka tsaga shi ta tsakiya, zai rabu biyu ba gardama, har ya yi 'yan gashi-gashi. Dalili shi ne a masana'anta an ja zaren da zafi har ya ninka tsawonsa sau da dama, sarƙoƙin duka suka miƙe suka fuskanci hanya ɗaya. Mai ja ta tsawo yana kokawa da ƙashin sarƙar kanta, mai tsagawa kuwa raba maƙwabta kawai yake yi. Ko leda in aka ja ta a hankali za a ga wani wuri ya sirance, ya yi fari-fari, sannan ya yi ƙarfi fiye da da. Masu bincike a kamfanin DSM na ƙasar Holan sun kai wannan dabara ƙarshe a ƙarshen shekarun 1970, suka ɗauki polietilin mai sarƙa doguwa ƙwarai suka miƙar da ita kusan gaba ɗaya, suka sami zaren Dyneema, wanda ake yin igiyar ɗaure jirgin ruwa da rigar sulke da shi, kuma in aka kwatanta nauyi da nauyi ya fi ƙarfe ƙarfi nesa ba kusa ba. Irin wannan polietilin mai doguwar sarƙa ce likita John Charnley ya fara sanyawa a ƙugun roba a Ingila a 1962, saboda ba ta saurin cinyewa. Dangin ledar fiya wata ne na jini. Haka ma gorar ruwa ta PET: sirantarta da ƙarfinta sun zo ne daga hura ta da aka yi da zafi, sarƙoƙin suka miƙe a tsaye da kewaye. Zuba mata tafasasshen ruwa sai ta yamutse, domin da zafi ya wuce wajen digiri 70 sarƙoƙin suna samun sakewa su koma yadda suke.

Wani zai ce to ai magana ta ƙare, a nemi robar da ta fi jeruwa. A nan ne mutane da yawa ke kuskure. Roba da ta jeru fiye da kima tana da tauri, amma tana fashewa farat ɗaya. Gajerun sarƙoƙi sun fi saurin jeruwa, sai dai gajeriyar sarƙa ba ta isa ta tashi daga wannan faifai ta kai wancan ba, don haka babu abin da ke ɗaure su. Tsaga in ta fara sai ta bi tsakanin faifan ta wuce ba mai tare ta, musamman in akwai sabulu ko mai a wurin, domin suna taimaka wa sarƙoƙi su zame. Masu yin bututun ruwa sun koyi wannan darasi da tsada. Robar bututu da ake kira PE100 ana haɗa ta ne da gangan daga sarƙoƙi iri biyu, gajeru domin tauri da sauƙin sarrafawa, dogaye masu 'yan ƙananan rassa domin ɗauri, kuma ana auna ta bisa cewa za ta jure matsin ruwa shekara 50 a zafin digiri 20. A ƙasa mai zafi irin tamu ma sai an rage matsin da ake ɗora mata. Har saurin hucewa a cikin inji yana da tasiri, domin robar da ta huce a hankali tana jeruwa fiye da wadda aka sanyaya da gaggawa. Abin nufi, ingancin roba daidaito ne da aka ƙididdige, ba abin da ake samu da sa'a ba.

To me ke rusa wannan daidaito? Na farko rana. Haskenta tare da iska yana yanke sarƙa, kuma polifurofilin ta fi saurin kamuwa, domin daidai inda ƙullutun nan yake akwai rauni. Yankan ya fi faruwa a cukurkuɗaɗɗen sashe, inda iska ke iya shiga, wato daidai inda sarƙoƙin ɗauri suke. Dubi kujerar roba da ta daɗe a tsakar gida ko a wajen masu haya: launinta ya koɗe, in ka shafa sai wani farin gari ya biyo hannunka, a gindin ƙafa kuma akwai fararen layuka inda robar ta fara buɗewa. Kaurinta na nan, nauyinta na nan, amma wata rana mutum zai zauna ƙafar ta ɓalle ba tare da ta lanƙwasa ba. Maganin wannan sananne ne: baƙin garin kabon kashi biyu zuwa uku cikin ɗari, ko wasu sinadaran kariya da ake zubawa kaɗan. Shi ya sa bututu da tankin da aka yi domin zama a rana suka fi yawa baƙaƙe. Na biyu shi ne yawan narkawa. Duk sanda polifurofilin ta ratsa inji da zafi sarƙoƙinta na ƙara gajarta, polietilin kuwa wani lokaci ta tsinke, wani lokaci ta harɗe. Na uku shi ne gauraya. Polietilin da polifurofilin sun yi kama a ido, duka suna yawo a kan ruwa, amma in an narka su tare ba sa haɗuwa, kowace tana jeruwa ita kaɗai, kuma babu sarƙar da ke tsallaka iyakar da ke tsakaninsu. Kowace irin wannan iyaka tsaga ce da ke jiran ranarta. Ɗan guntun robar PVC kuma in ya faɗa cikin PET yana fitar da sinadari mai ci da ke lalata tukunyar duka. Na huɗu shi ne garin farar ƙasa da ake ƙarawa domin rage kuɗi. Kaɗan daga cikinsa yana da amfani, amma in ya yi yawa kaya yana ƙara nauyi yana rage ƙarfi, sai ya zama gwajin mai saye na ɗagawa ya ji nauyi ya koma abin da ake cutarsa da shi.

Wannan ba labarin wata ƙasa ba ne. A Kano, daga Sharaɗa zuwa Challawa da Bompai, sarrafa roba sana'a ce babba, kuma bayanta akwai dubban 'yan jari-bola da dillalai da masu injin niƙa da ke tara tsohuwar roba suna mai da ita ƙwaya. Najeriya tana yin sabuwar roba ma: masana'antar Indorama da ke Eleme a Jihar Ribas tana fitar da polietilin da polifurofilin, matatar Dangote kuma ta fara fitar da polifurofilin a 2025. Manoman wake a Arewa da Nijar sun riga sun ga amfanin zaɓen roba da ilimi a buhun PICS da Jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa tun 2007, mai leda biyu na HDPE a ciki da saƙaƙƙen buhu a waje, inda ledar ke hana iska shiga har ƙwari su mutu, buhun kuma ya ɗauki wahalar ja da jifa. Abin da nake nema bai fi ƙarfinmu ba. Tun 1988 akwai lambobin da ake bugawa a gindin kaya: 1 ga PET, 2 ga HDPE, 3 ga PVC, 4 ga LDPE, 5 ga polifurofilin, 6 ga polistirin, 7 ga sauran. A tilasta buga su a kan duk abin da aka ƙera a nan, tare da bayanin ko robar sabuwa ce, ko tsohuwa, ko gauraye. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta fi mai da hankali kan kayan da karyewarsu ke jawo rauni ko babbar asara, wato kujera, bututu, tanki, jarkar mai da buhun ajiye hatsi. Na'urar gwada ingancin robar ba wata gagaruma ba ce: ana narka robar, a ɗora mata nauyi, a auna abin da ya zubo ta ƙaramin rami cikin minti goma. Polifurofilin da sarƙarta ta gajarta tana zuba da sauri, ba ta iya ɓoyewa.

Babbar hujjar da za a kawo domin musanta wannan ra'ayi ita ce ta talaka. Za a ce mai sayen buta da bokiti abin da aljihunsa ya iya yake nema, kuma duk wata doka kuɗi take ƙarawa. Gaskiya ne kuɗi zai ɗan ƙaru, ba na musun haka. Amma araha ba ta ado, kuma wanda ya sayi bokiti uku a lokacin da ɗaya ya kamata ya ishe shi bai yi ribar komai ba. Mai kuɗi yana da hanyar kare kansa, yana sayen kaya mai suna ko na waje. Talaka ne ke saye a makance. Ban ce a hana sayar da mai araha ba, cewa na yi a rubuta abin da yake, domin mai saye ya zaɓa da saninsa. A yanzu mai ƙera kaya da gaskiya shi ke shan kashi, domin kayansa da na mai cika farar ƙasa kamarsu ɗaya a kan tebur, kuma na wancan ya fi nauyi da araha. Kasuwar da ba ta iya bambance mai kyau da marar kyau a hankali tana korar mai kyau.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Za a ce sake narka roba alheri ne ga muhalli da masu neman abinci, kuma tsaurarawa zai sa a bar robar a kwata. Rahoton ƙungiyar OECD na 2022 ya nuna cewa kashi 9 cikin ɗari kacal na sharar roba a duniya ake sake sarrafawa, don haka duk abin da zai rage wannan abin tsoro ne. Amma tantancewa ba ta rage darajar tsohuwar roba, ƙara mata take yi. Tsohuwar HDPE da aka ware ita kaɗai, aka wanke, aka ƙara mata sinadarin kariya, tana iya komawa jarka ko akwati ta yi aiki shekaru, kuma in ta tsufa a sake narka ta. Wadda aka gauraya kuwa zagaye ɗaya take yi ta koma bola a matsayin abin da ba mai iya gyarawa. Masu tara roba sun riga sun ƙware wajen bambancewa da ido da ƙara da yadda abu ke karyewa, kuma sun ware gorar PET tuntuni saboda tana da farashinta. Abin da ya rage shi ne sikeli ya biya bambanci tsakanin lamba 2 da lamba 5 kamar yadda yake biya a kan gora. Ranar da dillali ya fara biyan ƙarin kuɗi kan robar da aka ware, ba sai an yi wa kowa wa'azi ba. Gaurayayyar da ta rage kuma tana da wurinta, a abubuwa masu kauri da ba a rataya rai a kansu ba, irin su dalle-dallen shimfiɗa da turakun shinge.

Akwai masu cewa kimiyya za ta warware matsalar gauraya, a jira. Suna da abin kafa hujja, domin a 2017 ƙungiyar Geoffrey Coates ta Jami'ar Cornell, tare da abokan aiki a Jami'ar Minnesota, ta wallafa wata sarƙa da aka ƙera da sassa na polietilin da na polifurofilin a jere, wadda in an zuba kaɗan take ɗinke iyakar da ke tsakanin robobin biyu. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma yana ƙara tabbatar da cewa matsalar ta sarƙoƙin ɗauri ce. Amma irin waɗannan sinadarai suna da tsada, kuma kafin a zuba su sai an san me ke cikin tukunyar da kuma nawa ne, wanda ya sake dawo da mu kan tantancewa. Masu cewa a hana roba gaba ɗaya, kamar yadda Ruwanda ta hana leda a 2008 da Kenya a 2017, suna magana ne kan ledar da ake yarwa bayan amfani ɗaya, kuma wannan muhawara ce ta daban. Ba wanda ke shirin hana bututun ruwa ko tanki ko buhun hatsi, kuma su ne kayan da ingancinsu ya fi shafar gida da gona. A kansu ya kamata SON da ƙungiyoyin masu masana'antar roba su fara, da lamba a gindin kaya da gwajin zuba a kowace babbar cibiyar sarrafawa, sannan sassan koyar da sinadarai na jami'o'i da kwalejojin fasaha na Kano da Zariya da Kaduna su buɗe ɗakunan gwajinsu ga ƙananan masu inji da ba za su iya sayen na'urar da kansu ba.